BABI NA UKU: IYAKA, BAƘUNTA DA SIYASAR SAWABA A KARKARAR AREWACIN KANO, 1945-1966

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda sha'anin shige da fice ya sauya a karkarar da ke arewa da birnin Kano, wato ƙasashen Ɗambatta da Bici da Dawakin Tofa, da maƙwabtansu Kazaure da Ɓaɓura, tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 har zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko a 1966. A wancan zamani duk waɗannan ƙasashe suna cikin Lardin Kano ne, kafin a kafa Jihar Kano a 1967, sa'an nan a cire Jihar Jigawa daga cikinta a 1991, inda Kazaure da Ɓaɓura suka koma.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a zamanin Turawa iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar ta kasance mafaka ga talaka, amma bayan samun mulkin kai sai ta koma makami a hannun hukuma. Za a kuma nuna cewa waɗanda aka fara gwada wannan makami a kansu 'yan siyasar adawa ne, musamman magoya bayan jam'iyyun nan biyu masu kiran sawaba, wato NEPU a Nijeriya da Sawaba a Nijar.

3.1 Karkara da Baƙi Kafin 1945

Bahaushe ya bambanta karkara da saura da daji. Karkara ita ce ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ana raya ta da taki, gidaje kuma suna warwatse a cikin gonaki, da itatuwan ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya waɗanda kowanne yana da mai shi. Mortimore da Wilson (1965) da kuma Hill (1977) sun nuna cewa ƙasar da ke kewaye da Kano tana daga cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. A irin wannan wuri gona tana da wuyar samu, amma aiki ba ya yankewa: ƙwadago da damina, da rani kuma saƙa da rini da jima da dako da kai taki a kan jakuna.

Wannan ne ya sa tun kafin zuwan Turawa mutanen arewa suke kwararowa zuwa wannan yanki. Lovejoy (1980) ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro, asalinsu mutanen ƙasar Azbin ne da suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina, suka zama Hausawa. Ayarin gishiri da kanwa ma ta nan yake bi ya shiga birni. Saboda haka baƙo daga arewa ba sabon abu ba ne. Ƙa'idar zamansa kuwa a bayyane take: zai sauka wurin mai masauki, a kai shi ga mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci. Idan ya kwana biyu aka ba shi aron gona, aka rubuta sunansa cikin masu biyan haraji, to ya zama talakan wannan dagaci. Ba a tambayar inda aka haifi kakansa, sai dai a yi masa laƙabi da garinsu, a ce Badamagare ko Buzu ko Ba'adare.

Iyakar kanta Turawa ne suka shata ta a kan takarda, ta hanyar yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa turaku 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Wannan layi ya raba ƙasar Daura, ya bar Magarya a hannun Faransawa, ya kuma raba Maraɗi da Katsina. Amma ba a ajiye masu gadi ba sai a bakin 'yan manyan hanyoyi, inda 'yan kwastan suke neman kaya maimakon mutane.

Bambancin mulkin Turawan biyu shi ya ba iyakar muhimmanci a idon talaka. A ƙasar Faransa akwai aikin tilas na gyaran hanyoyi da gine-gine, da ɗibar soja, da dokar nan da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da shari'a ba. A ƙasar Ingilishi ma akwai haraji da jangali da zaluncin jakadu, amma nauyin bai kai na can ba. Don haka duk lokacin da abu ya yi tsanani, ko fari ya auku, sai iyalai, wani lokaci ma ƙauye sukutum, su tsallako kudu. Fuglestad (1983) da Miles (1994) duk sun yi bayanin wannan ƙaura. Hukumar En'e ba ta ƙyamar masu zuwa, domin kowane baƙo ƙarin kai ne a littafin haraji, yawan harajin gunduma kuwa shi ne darajar hakiminta.

3.2 Gyaɗa, Mota da Sabuwar Siyasa, 1945-1957

A 1946 Faransa ta soke aikin tilas da dokar hukunci ba shari'a a ƙasashen da take mulka. Wannan ya rage gudun hijira, amma bai rage zirga-zirga ba, domin a lokacin nan gyaɗa ta riga ta haɗa ɓangarorin biyu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mafi sauƙin hanyar fitar da gyaɗar Damagaram da Magarya zuwa teku ita ce a kawo ta Kano. Manyan motoci suna bin hanyar Matamai zuwa Kwangwalam, su ratsa Daura da Kazaure da Ɗambatta, ko kuwa su biyo ta Magarya da Babban Mutum da Ɓaɓura. Bugu da ƙari, da yake hukumar cinikin amfanin gona ce take yanke farashi a Nijeriya, a Nijar kuma wani farashin daban ne da kuɗin sefa, sai manoma da 'yan baranda suka riƙa kai gyaɗa duk ɓangaren da ya fi tsada a wannan kaka. Collins (1976) ya yi nazarin wannan fasa-ƙwauri a yankin Magarya. Kasuwar Lahadi ta Ɗambatta da ta Alhamis ta Maigatari sun zama mahaɗar fataken dabbobi daga ƙasashen biyu.

A kan waɗannan hanyoyi ne sabuwar siyasa ta bi. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma cikin matasa takwas da suka kafa ta akwai Magaji Ɗambatta, ɗan wannan yanki, tare da irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya bar aikin koyarwa a Maru a wannan shekara, daga baya ya zama shugabanta. Sanarwar manufofinta ta 1950 ta raba al'umma gida biyu, masu sarauta da talakawa, ta kuma ɗora alhakin wahalar talaka a kan mulkin En'e wanda Turawa suke ɗaure wa gindi. Da Hausa ana kiranta Jam'iyyar Neman Sawaba.

A can Nijar kuwa, Jibo Bakari, wanda tsohon malamin makaranta ne kuma shugaban 'yan ƙwadago, ya rabu da jam'iyyar PPN ta su Jori Hamani, ya kafa tasa a 1954. Ƙarfinta ya fi yawa a ƙasar Hausa, wato Damagaram da Maraɗi da Tasawa da Magarya, kuma ita ma da sunan Sawaba ta shahara. A zaɓen watan Maris 1957 ta sami kujeru 41 cikin 60, Jibo Bakari ya kafa gwamnatin cikin gida ta farko a Nijar.

Idan aka dubi magoya bayan jam'iyyun biyu za a ga irinsu ɗaya: teloli, direbobi da yaran mota, 'yan kamasho, mahauta, ƙananan 'yan kasuwa, malaman allo da gardawa, da 'yan cin rani. Waɗannan su ne mutanen da sana'arsu take hana su zama wuri ɗaya, don haka su ne idon dagaci bai cika kai wa gare su ba. Manomin da ke da gona da iyali yana tsoron a tsawwala masa haraji ko a ƙwace gonarsa, amma direban da zai kwana Ɗambatta yau, gobe ya kwana Zindar, yana iya ɗaukar labari da takarda da katin jam'iyya ba tare da wannan fargaba ba.

Sai dai a karkarar arewacin Kano ƙarfin sarauta ya fi na ko'ina. Ɗambatta gundumar Sarkin Bai ce, Dawakin Tofa ta Madaki, dukansu masu zaɓen sarki ne. Bici kuwa nan ne Muhammadu Sanusi ya yi hakimci yana Ciroma, kafin ya hau gadon sarautar Kano bayan rasuwar mahaifinsa Abdullahi Bayero a 1953. Sklar (1963) da Whitaker (1970) sun bayyana hanyoyin da En'e ta bi don danne NEPU: hana iznin lacca, gurfanarwa gaban alƙali bisa zargin zagin sarki, bulala da ɗauri. Akwai kuma kora. Alal misali, Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta zo daga Zariya don wayar da kan mata, an ɗaure ta a Kano, daga baya aka umarce ta da ta bar garin. Wannan yana nuna cewa tun kafin a yi dokar korar baƙi ta ƙasa, En'e ta saba ɗaukar ɗan adawa a matsayin baƙon da ya zo ɓata tarbiyyar talakawa, maganinsa kuwa a raka shi bakin iyakar ƙasar sarki.

3.3 Ƙuri'ar 1958 da Zuwan 'Yan Sawaba

A 1958 Janar Digol ya ba ƙasashen da Faransa take mulka zaɓi: ko su ce "i" su zauna cikin tarayya da Faransa, ko su ce "a'a" su sami mulkin kai nan take. Jibo Bakari, kamar Seku Ture na Gini, ya nemi jama'a su ce "a'a". Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba, domin tana yaƙi a Aljeriya da ke maƙwabtaka da ita, ga kuma tsoron kada ƙasar Hausa ta karkata zuwa Nijeriya. Sai ta aiko sabon gwamna, Kolombani, wanda ya janye sarakuna daga bayan Sawaba, aka kuma baza sojoji a ƙauyuka. A ƙuri'ar ranar 28 ga Satumba 1958 masu "i" suka sami kimanin kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Van Walraven (2013) ya nuna cewa dubban talakawa sun tsallako Nijeriya a wannan lokaci, wato sun koma ga tsohuwar dabarar iyayensu.

Gwamnatin Jibo Bakari ta faɗi, Jori Hamani ya hau a watan Disamba 1958, aka haramta Sawaba a watan Oktoba 1959. Shugabanninta suka tafi Bamako da Akra, amma ga ƙananan 'yan jam'iyya na ƙasar Hausa, Kano ce mafi kusa. A nan suka sami masauki a wurin 'yan uwa da abokan ciniki, da kuma 'yan NEPU, waɗanda suka ɗauke su abokan gwagwarmaya. Ta Kano ne da yawa daga cikin matasan Sawaba suka bi zuwa Gana, daga can aka tura su karatu ko horon soja a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa da ƙasashen gabashin Turai.

Amfanin karkara ga irin wannan tafiya a fili yake. A daji ana hango baƙo daga nesa, amma a ƙasar da gida yake kallon gida, kuma kowace kaka ɗaruruwan 'yan cin rani da almajirai suke wucewa da buhu da sanda, babu mai iya tantance wanda ya fito neman kuɗi da wanda ya fito da saƙon jam'iyya. Harshensu ɗaya, shigarsu ɗaya, kuma babu mai ɗauke da takardar shaida.

3.4 Mulkin Kai da Sabuwar Ma'anar Baƙo

Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba. Daga nan tambayar da ba a taɓa yi wa talaka ba ta zama doka, wato ɗan wace ƙasa ne shi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1960 ya ce wanda aka haifa a ƙasar kafin ranar mulkin kai zai zama ɗan ƙasa, amma da sharaɗin an haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa a cikinta. Nijar ma ta yi tata dokar a 1961. Sashen shige da fice, wanda aka cire daga rundunar 'yan sanda a 1958, ya sami cikakkiyar dokarsa a 1963, lokacin Alhaji Shehu Shagari yana ministan harkokin cikin gida. Dokar ta ba minista ikon hana baƙo shiga, da ikon korarsa idan ya ga zamansa bai dace da maslahar ƙasa ba.

Wannan sauyi bai tsaya ga Nijeriya ba. A 1957, 'yan watanni bayan mulkin kan Gana, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, shugabannin zangon Kumasi masu goyon bayan adawa, zuwa Nijeriya, bayan majalisa ta yi doka ta musamman a kansu. Ita kanta Ingila, wadda a 1948 ta buɗe ƙofa ga mutanen ƙasashen da take mulka, ta fara rufe ta da dokar 1962. Ke nan rushewar daula ta zo da tantance ɗan gida da baƙo a ko'ina.

Matsalar da wannan ya haifar a karkara ita ce rashin shaida. Ba a rajistar haihuwa a ƙauyuka, saboda haka mutumin da mahaifinsa ya gudo daga Magarya a zamanin aikin tilas, aka haife shi a ƙasar Ɗambatta, ba shi da abin da zai nuna sai takardar haraji da shaidar dagaci. Dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimai kuwa su ne ginshiƙin NPC a gundumominsu. Wato dai ikon cewa wane ɗan ƙasa ne ya faɗa hannun ɓangare ɗaya na masu takara. Wanda ya bi, ba mai tono asalinsa; wanda ya ɗauki katin NEPU kuwa ya san ana iya tonowa. Ko da ba a kori mutum ba, sanin cewa ana iya korarsa ya isa ya sa ya kama bakinsa.

A matakin gwamnati ma buƙata ta zo ɗaya. Gwamnatin Sardauna a Kaduna da ta Jori a Yamai duk sun dogara da sarakuna, duk kuma suna fuskantar adawa mai suna ɗaya. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ta jituwa da Nkrumah, wanda yake ɗaukar nauyin Sawaba. Don haka aka sami haɗin kai wajen sa ido a kan 'yan Sawaba da ke Arewa, da kama su, da miƙa wasunsu ga hukumomin Nijar.

Abin ya kai maƙura a ƙarshen 1964, lokacin da mayaƙan Sawaba suka kutsa Nijar ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin Nijeriya da Dahome da Mali, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Gwamnati ta riga ta sami labari, ta sa mutanen ƙauyuka farautarsu. Aka kashe wasu, aka kama da yawa, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai cikin watan Oktoba. A watan Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idi ranar Babbar Salla da nufin kashe Jori, amma ya tsira. A 1966 sojoji suka kifar da gwamnatin Nijeriya ranar 15 ga Janairu, da ta Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu. Sawaba ta rasa mai ɗaukar nauyinta, NEPU kuma aka rushe ta tare da sauran jam'iyyu a watan Mayu.

3.5 Abin da Ya Biyo Baya

Makamin da aka ƙera a 1963 bai yi tsatsa ba. A watan Janairu 1980 gwamnatin Shagari ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, zuwa Cadi, bisa hujjar cewa mahaifinsa mutumin can ne. Babbar kotun Maiduguri ta soke korar, domin mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce. Bayan rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a Kano, wanda hukumar bincike ta ce ya ci rayuka 4,177, sai aka ɗora laifin a kan baƙi, ko da yake mafi yawan mabiyansa 'yan Nijeriya ne. Ranar 17 ga Janairu 1983 aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS ta 1979. Yawancin waɗanda suka fita 'yan Gana ne, amma akwai 'yan Nijar masu yawa. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a 1984, daidai lokacin fari, ba a buɗe su ba sai a 1986, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. An sake rufe iyakar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kuma a Janairu 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kafin 1945 baƙunta a karkarar arewacin Kano al'amari ne tsakanin mutum da mai masaukinsa da dagacinsa, kuma iyaka ta kasance ƙofar tsira daga zaluncin Faransawa. An ga yadda cinikin gyaɗa da hanyoyin mota suka haɗa magoya bayan NEPU da na Sawaba, waɗanda sana'o'insu da koke-kokensu iri ɗaya ne. An kuma ga cewa mulkin kai ya zo da dokar zama ɗan ƙasa da ta shige da fice a wurin da babu rajistar haihuwa, wanda hakan ya ƙara wa masu sarauta da jam'iyya mai mulki ƙarfi a kan talaka. Ba a yi waɗannan dokoki don hana ɗan cin rani shigowa ba, domin gonakin karkara da kasuwanninta suna buƙatarsa, kuma bai daina zuwa ba. An fi amfani da su a kan wanda ya shigo da ra'ayi, ko ɗan gida da ake son mayarwa baƙo. A babi na huɗu za a duba yadda soke haraji da jangali da gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta yi a 1979 ya shafi ikon dagatai a kan baƙi, tun da littafin haraji shi ne shaidar zama ɗan gari da talaka ya dogara da ita.